Haulatu da Motar Bijimai Talatin

A Onitsha aka haifi Haulatu, 'yar Alhaji Lawal dillalin shanu, kuma a kara, kasuwar shanu, ta girma, cikin ƙaho da kofato. Yanzu aikinta duba bayanin da ake rubuta wa na'urar AI domin ta san yadda za ta yi aiki da manhaja.

Ƙanin mijinta, Umair, ya rubuta na manhajar da ke nemo wa fatake motar ɗaukar dabbobi a tashar Upper Iweka. Abin da ya rubuta kawai: "Saka adadin dabbobi." Shi ke nan! Na'ura ta bi rubutu, ta turo wa bijimai talatin motar tumaki. Shanu suka wuni a rana, biyu sai da aka yanka.

"Anti, ai kowa ya san sa ya fi tunkiya," in ji Umair.

"Wane kowan? Na'urar ta taɓa shiga kara?"

Tun ranar, duk bayanin da aka kawo sai ta karanta wa maƙwabciyarta Mama Ngozi, wadda ko akuya ba ta taɓa ɗaurewa ba. In Mama Ngozi ta yi tambaya, a sake rubutu.

Na Umair ya koma sau shida. Ya ce na'urar ce daƙiƙiya.

Haulatu ta ce, "Ka aiki baƙo ba kwatance, ya ɓace, sannan ka zage shi? Sake!"