Tukunyar da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Sin ina firamare, muna haya a saman wani shagon wayoyi a unguwar Dengfeng. Babana yana saro kaya a kasuwar Baima yana aikawa Kano. Mahaifiyarsa, Hajiya Kaka, ta zo ganin likitan ido ta zauna da mu. Sanyin farkon shekarar ya yi tsanani, don haka bayan isha'i ni da ƙanwata Rabi mukan kewaye wata 'yar hita, Kaka ta miƙa mata tafin ƙafa tana mitar cewa wutar da ba ta hayaƙi ba wuta ba ce.

Hausata ta cakuɗe da Sinanci, komai "abu" ne a bakina. In na ce, "Kaka, miƙo min abin can," sai ta ce da ɗan Sinancin da ta tsinta, "Meyo, babu! Maigidana, faɗi sunansa ko ka kwana ba shi."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta wata maginiya ce mai tsohuwar tukunya guda, wadda take kifawa ta shafa yumɓu a bayanta, duk tukwanen garin daga jikinta suke fitowa. Amma ita ma "tukunya" kawai ake ce mata. Ran da ciwo ya kwantar da maginiyar, ta ce wa 'yarta, "Kai tukwane kasuwa." Yarinya ta kwashe har da tsohuwar, ta sayar a arha. Tun daga nan tukwanen garin suka karkace.

Rabi ta ce, "To, me ya kamata a kira ta?"

Kaka ta ce, "Gobe."

Kafin a buɗe wasannin aka ƙi sabunta mata biza. Ta koma Kano, ba mu sake ganinta ba.

Yanzu aikina rubuta manhajar kwamfuta ne. Ni da abokina Nura muka ɗauko ƙera harshen umartar kwamfuta da Hausa, don ɗaliban da Turanci ke yi wa shinge. A irin wannan harshe akwai samfuri, akwai abubuwan da ake fitarwa daga jikinsa, kuma dole kowanne ya sami sunansa. Nura ya ce a kira samfurin "aji", ɗalibai suka ɗauka ɗakin karatu ne. Na ce "iri", suka tuna shuka. Da wani samfuri ya ɗauki halayen wani muka ce "gado", sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, na farkon ya rasu ke nan?"

Ɗaya bayan ɗaya ɗaliban suka koma kalmomin Turanci, suna haddace su ba fahimta. Nura ya sami aiki a waje, aikinmu ya tsaya.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga yara masu gaggawa. Yanzu na ga laifin na maginiyar ne, da ta san abu sarai ta kasa ba shi suna. Kwanaki na buga wa Rabi waya, ko ta tuna wata kalma da Kaka ta taɓa faɗa. Ta ce ba ta tuna ba, ta ba ni haƙuri da Turanci.