Dariyar Inna ta Bayan Asabari

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a wajen mutanenmu abin da ɗan fari yake fara gada daga uwarsa kunya ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "wannan" nake, da na girma na zama "mutumin nan", da na fara koyarwa a Bagudo aka ƙara mini girma zuwa "mutumin Bagudo". In tana son sanin ko na ci abinci, sai ta tambayi duk wanda ya gitta tsakar gida, in babu kowa ta tambayi kaza. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga gwaggota a Zagga, daga can makarantar kwana ta karɓe ni, daga ita sai alli da allo. Shi ya sa na tashi ban iya Dandanci ba, harshen da Inna ta sha a nono a Illo, in ban da gaisuwar "fofo", wadda ko baƙon jiya ya iya.

Autanmu kuwa a cinyarta ya girma, da harshenta a bakinsa. Kabu-kabu yake yi, daga Illo zuwa tsallaken iyaka, ya kai mata 'yan kasuwa ƙasar Benin ya dawo da wasu. Da la'asar zai jingine babur a zaure, ya shigo da ƙura har a gira, riƙe da abarba ɗaya ko dogon burodin nan na can mai kama da sandar makiyayi. Tun daga bakin ƙofa zai ɗaga murya ya jefa wata gajeriyar jimla da Dandanci. Shi ke nan. Inna ta saki abin da ke hannunta, ta yi dariya har wushiryarta ta fito, ta jefe shi da mafici. Kullum jimlar ɗaya, kullum dariyar sabuwa.

Ni malamin Hausa ne. Na yi shekara da shekaru ina rarrabe wa yara tsakanin murna da farin ciki da annashuwa da nishaɗi. Murna, nakan ce, tana da dalili, kuma tana da ranar ƙarewa, kamar ta sabon ɗinki. Farin ciki ya fi zama da gindinsa. Annashuwa ita ce wadda ke hawa fuska ba a gayyace ta ba. Yara suna rubutawa suna cin jarrabawa. Amma misalin da ya fi duk nawa yana can kan tabarma a Illo, kuma ba ni ne nake jawo shi ba.

Ba don ban gwada ba. Na kai atamfa, ta dubi bango ta ce, "Allah shi yi ma wanda yak kawo albarka." Na sa an gyara rufin ɗakinta kafin damina, ta gaya wa tukunya cewa wasu sun yi ƙoƙari. Albarka kam na sha ta, kuma na san ita ce babba. Sai dai auta zai shigo da abarbar da ta bugu a hanya har gefenta ya yi laushi, a ba shi albarka, a ƙara masa da dariya.

Mai ɗakina ce ta fara ganewa. Ta ce, "Malam, kishi kake da ƙanenka."

Na ce ba kishi ake cewa ba a nan, ƙyashi ne, kuma bai kai hassada ba, tunda ba na fatan a raba shi da abin.

Ta ce, "To Allah shi ba ka lafiya, ko mi sunan ciwon."

Wata damina Inna ta kwanta ciwo har muka tsorata. Ta tashi, amma tafiyarta ta koma ta mai lallaɓa ƙasa. A nan ne abin ya tsaya mini a wuya: tsohuwar nan za ta iya barin duniya ban taɓa zama sanadin dariyarta ba ko sau ɗaya. Na ƙudura zan koyi jimlar auta.

Ban tambaye shi ba. Yaya kuma malami ba ya zuwa ɗaukar darasi wurin ɗan kabu-kabu, haka na ɗauka a lokacin. Na bi hanyar ilimi. Abin da ake faɗa kullum a bakin ƙofa, lokacin shigowa, ga babba, ai gaisuwa ce, wataƙila irin ta 'yan gida mai ɗan zaƙi. Na kasa kunne ziyara bayan ziyara har na kama ta da karin sautinta. A motar Bagudo zuwa Illo ina ta maimaita ta ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dube ni, ta dubi furfurata, ta ja ƙullin kayanta ta matsa. Na ɗauka kunya ce irin ta mata.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ina cikin babbar riga ta sha sitaci. Inna tana kan tabarma da ƙawayenta biyu suna tsince shinkafa, auta yana kan benci yana cin ƙanzo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gyara murya irin ta taron safe a makaranta, na faɗi jimlar tiryan-tiryan.

Tsofaffin suka saki tsintar shinkafa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "Mi yac ce?" Ɗayar ta ce, "Abin da kij ji." Auta ya sulale daga kan benci, ƙanzo ya sarƙe shi. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe da saurin da ba mu gani ba tun kafin ciwon, ta faɗa ɗaki, asabari ya rufo bayanta.

Daga nan na ji ta. Ta fara da ƙoƙarin danne ta, kamar mai tari, sai ta ƙwace. Dariya ce mai tsawo, tana tsayawa ta huta ta sake tashi, har ina jin gadon ƙarfe yana taya ta.

Auta ya samu numfashi ya ce, "Yaya, wa ak koya maka wagga magana?"

Na ce, "Kai."

"Ka ko san mi kac ce? Cewa kay yi, Inna goya ni, na gaji."

Ashe abin da yake faɗa ke nan yana ƙarami in sun dawo daga bakin gulbi, ya zame musu wasa har ya yi gemu. Tsohuwa ta farko ta ce, "Malam, da rigar za a goya ka ko sai an tuɓe?" Ta biyun ta ce sai dai a haɗa zani biyu a yi majanyi, kuma a kira maza su ɗora.

Auta ya ɗaga asabari ya shige, kamar yadda yake shiga kullum ba sallama. Ni na zauna a durƙushe, don ɗan fari ba ya bin uwarsa ɗaki. Can dariyar ta lafa. Na ji tana fyace hanci. Sai muryarta ta fito, da Hausa, ba da Dandanci ba, kuma da ƙarfin da ya wuce na mai magana da wanda ke gefenta.

"Hwaɗa ma mutumin Bagudo an goya shi. Har daji da shi aka zuwa itace. Shi dai bai tuna ba."

Tsofaffin suka koma kan shinkafarsu. Ni ma na sami wata tsakuwa a ƙasa da nake buƙatar dubawa sosai.

Dariyar tawa ce, babu mai musu, ni na jawo ta da bakina da babbar rigata. Amma da kunne kawai na same ta. Wanda ya ga fuskar, ya ga wushiryar da hawayen, shi ne dai mutumin da yake ganinta kowace la'asar. Da ya fito zai tayar da babur na bi shi zaure, na yi kamar ina duba tayarsa, na ce, "Yaya fuskarta take?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kamar kullum mana, Yaya."

Kamar kullum. Ya buga babur ya nufi iyaka, yana dariya shi kaɗai, na san kafin magariba duk tashar Illo ta ji labari. Aka aiko mini da abarbar da ya kawo jiya, an yanka a faranti, an ce a ba mutumin Bagudo. Na ci. Tana da zaƙi ƙwarai, wannan ma ya ba ni haushi.