Jirgin da Maigidana Ya Haɗa a Zaure

Maigidana mai gyaran rediyo ne, rumfarsa tana bayan tashar mota a Daura. Ban daɗe da tarewa ba aka kawo Shari'a. Kiɗan biki ya ja baya, gidajen kallo da dama suka rufe, masu ba da hayar lasifika suka rasa mai kiransu. Sai suka riƙa kawo masa kayansu wai ya ajiye musu, yawancinsu kuma ba su sake waiwayo ba. Da rumfa ta cika ya fara kwasowa gida, har zaurenmu ya koma rumbun manyan lasifikoki da tsofaffin rediyoyi masu cin kaset biyu.

Wata rana ina tankaɗe ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Fim zan yi."

Na ce, "Maigida, fim a wannan zamanin? Da wa za ka yi rawar?"

Ya ce, "Babu rawa, babu waƙa. Ba wanda zai ce na saɓa."

Labarin wasu manoma ne da ruwan sama ya ƙaurace wa garinsu, suka ƙera jirgi suka tafi wata duniya neman ƙasar shuka. Tun yana saurayi yake ganin irin waɗannan finafinai na Turawa a gidan kallo, kuma ya rantse min abin da matuƙan jirgin suke dannawa bai wuce maɓallan rediyo ba.

Shekaru ya ɗauka yana haɗawa, in ya dawo daga rumfa bayan la'asar. Ya ciccire fuskokin rediyoyin ya jera a jikin tsohon ƙyauren katako, ya sa musu ƙananan fitilu ja da kore. In ya jona batirin babur, alluran da ke fuskokin rediyoyin su yi ta rawa kamar da gaske ana tafiya. Kwandon fanka ya zama tagar jirgi. Kayan ɗakina ma ba su tsira ba. Ya ɗauke min rariya ya yi wa wata hula fuska da ita, fulas ɗina da ya fashe ya zare kwalbarsa mai sheƙi ya ce ita ce injin. Butar roba ya shafa mata fenti ruwan azurfa, ya maƙala mata tocila, ta zama abin gano ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ni kuma na ɗinka rigunan matafiya da buhunan taki, na bi gefensu da zaren kaset. Da farko don in faranta masa nake yi, daga baya na fi shi ɗoki.

Sau ɗaya suka ɗauki hoto, a wani fako wajen Sandamu, shi da abokansa biyu da wani mai ɗaukar bidiyon biki. Ya dawo fuska duk gumi yana ba ni labarin yadda wani makiyayi ya hango su cikin rigunan ya kora shanunsa da gudu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

A wannan tsakanin ƙasa ta canza. Aka fara jin tashin bama-bamai a manyan garuruwa, hanyoyi suka cika da shingaye, kowa yana kallon kayan kowa. Na ce masa ya dakata. Yayansa mai sayar da hatsi ma ya zo har gida ya ce, "Ka kwashe wayoyin nan daga zaure, mutane sun fara magana." Ya ce saura fita ɗaya ya gama.

Ranar kasuwa ce ya ɗaura injin jirgin a bayan babur, cikin buhu, ya nufi wani tsohon kududdufi a hanyar Baure inda za su haɗu da sauran. Abin da ya faru, a bakin mutane na tsinta. Ya tsaya shan mai kusa da kasuwa, bakin buhu ya kwance. Wani ya leƙa ya ga kwalba da batir da wayoyi ja da baƙi, da agogon tebur da ya ɗaura don ado yana ta bugawa. Ihu ɗaya aka yi cewa bam ne. Wasu suka watse, wasu suka yo kansa da itace da duwatsu. An ce yana ta cewa, "Wallahi fim ne," amma ba mai sauraro. Wani dattijo mai fataucin awaki, wanda ya saba kai masa gyara, shi ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar riga yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, mai rediyo ne, na san ubansa!" Shi ma sai da ya samu rabonsa na duka.

Jami'an tsaro suka tafi da shi da buhun. Da yamma suka zo gida suka kwashe abin da ke zaure, suka tambaye ni me rariya take yi a jikin hula. Na yi bayani ina jin yadda maganata take zama shirme a kunnena. Maƙwabta na tsaye a ƙofar gida suna kallo.

Ya daɗe a tsare kafin dattawan unguwa da limaminmu su tsaya masa a sake shi. Ya dawo hannun dama a karye, ya ɗoru a karkace, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai an ɗaga murya. Mai gyaran rediyo da kunne yake gane ciwon kaya kafin ya kwance shi. Ya koma rumfa ya gwada, ya kasa.

Bayan ya ɗan murmure ya aike ni gidan mai bidiyon in karɓo kaset ɗin Sandamu. Matarsa ce ta fito, ta ja ni gefe ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ranar da abin ya faru ya ƙona shi, tsoro ya ji." Na dawo na tarar da maigidana zaune a tabarma. Sai da na maimaita masa maganar matar sau biyu da ƙarfi kafin ya ji, har yaranmu suka leƙo daga ɗaki. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ya yi daidai. Yana da iyali."

Ragowar lasifikokin da ke rumfa 'yan gwangwan suka saye su a kilo. Yanzu yana zaune a rumfar yayansa yana awon gero da dawa da hannun hagu. Masu saye sun saba da shi, ba sa wahalar da kansu da magana, yatsu suke ɗaga masa ya auna musu.