Taɓarya ta Huɗu

A shekarar da fari ya tsananta ina aji na ƙarshe a lekol, gidanmu yana Birni, gindin duwatsu. Maƙwabciyarmu wata gwauruwa ce mai daka wa mutane a biya ta da tsaba. Ɓarayi suka shiga mata da rana tsaka, lokacin da unguwa ta tafi layin rabon abinci, suka kashe ta saboda ɗan geron da ta ɓoye a tulu. Innata ce ta fara ganin gawar.

Daga nan daka ya gagara. Duk sanda mata uku suka kama lugude, sai su ji taɓarya ta huɗu tana faɗowa a tsakaninsu. Ni ma na ji. Na gaya wa Inna amsa-kuwwar duwatsu ce, haka aka koya mana. Ta tambaye ni ina duwatsun suke bara. Ta kife turminmu, ta daina cin duk abin da aka daka, alhali jar dawar taimako ba ta ciyuwa sai an surfa. Wuyanta ya zama kamar kara.

Sai wata ƙungiya ta turo mata biyu daga Yamai, masu kula da waɗanda tashin hankali ya taɓa. Suka shimfiɗa tabarmi, suka ce kowa ta faɗi abin da ke ranta. Kowa ta ce lafiya lau, sai godiya. Ƙaramar ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Babbar, Bazabarma mai tsintacciyar Hausa, sai kallon turamen da ke kife gida-gida take yi.

Wata safiya ta shigo gidanmu, ta tayar da turmi, ta zuba dawa, ta kira mu, ni da yayata. Ba ta iya ba. Taɓaryarta tana karo da tamu, tsaba tana tsalle waje, kaji ma babu balle su tsince. Inna tana kallo daga bakin ɗaki har abin ya ishe ta.

“Madam, a garinku da cokali ake daka?”

Ta fizge taɓaryar. Muka kama, mu uku. Can sai ga shi, dum, daga wajen katangar gidan marigayiyar, inda babu kowa. Hannun Inna ya tsaya a sama.

Na zaci baƙuwar za ta ce babu komai. Ta karkata kai ta saurara.

“Na ji ta, Yaya,” ta ce wa Inna. “Ku bar mata wurinta.”

Muka sake kamawa, muna barin gurbi bayan bugu na uku. Wani lokaci gurbin ya cika, wani lokaci shiru. Inna tana hawaye, tana faɗin yadda ta sami gawar maƙwabciyarmu, da zanen da ta rufa mata, ba ta daina dakan ba. Baƙuwar ta tsuguna tana tsince tsabar da ta zubar.

Da azahar Inna ta tuƙa tuwo. Ta daɗe tana kallon malmalar kafin ta gutsura ta kai baki.