Tagar da Malam Jaji Ya Fasa

Malam Jaji mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Buji. Mahaifinsa makiyayi ne, amma tun yana ƙarami shanu ba su dame shi ba kamar wata goɗiya da ke ɗaure a gindin tsamiyar ƙofar gidansu. A kanta ya koyi sa ragama, ya koyi gane doki mai lafiya daga yadda yake cin dusa. Da shanun suka ƙare, 'yan'uwansa suka kama noma, shi kuwa ya nufo Dutse da matarsa Larai, ya shiga aikin barga. A wannan aiki furfura ta same shi. Mutum ne marar yawan magana, sai dai duk wanda ya taɓa dukan doki a gabansa ya san yana da zuciya.

Ubangidansa na ƙarshe shi ne Alhaji Nata'ala, ɗan kwangila mai son sukuwa. Dawakinsa a rumfar zana suke, iska na shiga ta ko'ina, har shekarar da ya ga bargar wani abokinsa a waya ya ce shi ma sai ya yi irinta. Aka ja bulo, aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe. Taga ko ɗaya babu. Harawa aka jibge ta a saman dawakin, janareta kuma aka girke shi jikin bangon baya.

Damina na tsayawa dawakin suka fara tari. Wanda abin ya fi kamawa shi ne Bidi, dokin da Malam Jaji ya yi rainonsa tun yana ɗan duƙushi. Majina ta riƙa zubo masa, hancinsa a buɗe ko a tsaye yake, cikinsa na ɗagawa yana faɗawa kamar zugazugi. Malam Jaji ya yi magana ya sake yi, Alhaji ya ce sanyi ne, a ba shi kanwa. Sai da Bidi ya ƙi cin gero sannan aka kira likitar dabbobi, wata matashiya mai suna Mahbuba.

Ta shiga bargar, warin fitsari ya sa ta toshe hanci. Ta saurari ƙirjin dokin, ta auna zafin jikinsa, ta zaro harawa daga sama ta karkaɗe. Wata farar ƙura ta tashi.

"Baba, ka ga wannan? Fumfuna ce, danshin damina ya kama ta. Ita yake shaƙa, ga hayaƙin inji, ga warin taki. Huka ce ta kama shi. In za ka yi shara, suna ciki kake yi?"

"Suna ciki," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

"A daina. A fitar da su tukuna, a yayyafa ruwa. Harawar nan a zubar, mai kyau ma a jiƙa ta kafin a ba shi, a ajiye masa a ƙasa ya ci kansa a sunkuye. Zan ba shi magani, amma in ba a buɗe ɗakin nan ba, aikin banza muke yi. Kuma kada a hau shi."

Malam Jaji ya ji haushin kansa ƙwarai, don bai taɓa kawo shara a ransa ba. Duk abin da ke hannunsa ya gyara tun ranar. Da yamma ya samu Alhaji a ƙofar gida yana shan shayi da abokansa.

"Ranka ya daɗe, Likita ta ce sai an fasa tagogi, a kuma matsar da injin."

"Tagogi? Kowane ɗan hassada ya zo ya leƙa mini dawaki ya jefa musu abu? Ta yi masa allura kawai. Akwai sukuwa ranar Asabar, na riga na faɗa wa mutane Bidi zai fito."

"Alhaji, dokin da ba ya iya numfashi a turke shi za a sa gudu?"

"Malam Jaji, dokina ne ko naka?"

Abokan suka yi dariya. Malam Jaji ya tsaya yana kallonsu. Ya juya ya tafi. A gida Larai ta ajiye masa tuwo, ya ture kwanon.

"Malam, ka yi haƙuri mana, ba kai ka gina ba."

"Ni nake jin tarinsa, Larai! Shi yana cikin sanyin ɗakinsa, dabbar Allah tana shaƙar hayaƙin sanyin nasa. Ba ta da bakin da za ta kai ƙara, shi ya sa."

Washegari da hantsi ya ari babbar guduma wurin magina. Ya fitar da dawakin ya ɗaure a inuwa, ya shiga dukan bango. Kowane bugu da faɗa yake yin sa. Kafin Alhaji ya fito, ya huda rami ta gabas, ya kama na yamma.

"Ka haukace ne?" Alhaji ya daka masa tsawa.

"Ban haukace ba. Ka shiga ka zauna ciki zuwa azahar, in ka iya, ni zan toshe da hannuna."

A nan take aka kore shi. Aka kira birkila ya toshe ramin, aka ɗauko wani mai kula da dawakin.

Ranar Asabar Malam Jaji ya je filin, ya tsaya can baya. Bidi ya fita da ƙarfi kamar yadda ya saba. Bai kai rabin fili ba ya fara tangaɗi, mahayin na zuba masa bulala, har ya durƙusa. Malam Jaji ya ratsa mutane da gudu, ya fizge bulalar ya karya ta, ya kwance majayin sirdin. Abin da ya faɗa wa Alhaji a gaban jama'a ranar, har yanzu Larai ba ta son a maimaita.

Dokin bai mutu ba, amma Likita Mahbuba ta ce ya gama gudu har abada. Alhaji, don kunya, ya aika a ce wa Malam Jaji ya zo ya kwashe kayansa, har da dokin. A ƙafa ya ja shi zuwa ƙauye, suna tafiya suna hutawa.

Yanzu Malam Jaji noman gyaɗa yake yi a gonar yayansa. Bidi na nan a fili, yana cin jiƙaƙƙiyar harawa, tarin ya ragu sai in an yi sussuka kusa. Sauran dawakin suna can a bargar Alhaji. An ce an matsar da janaretan, don hayaƙin ya fara damun mutanen gida, amma bangon yana nan yadda yake. Duk wanda ya zo daga Dutse, Malam Jaji kan tare shi da tambayar ko suna tari. In aka ce suna yi, ranar ba mai jin daɗin zama da shi.