Ranar da Zamzam Ta Kira Sunan Ɗanta

Mama Afiniki ta yi shekara goma sha huɗu tana rainon 'ya'yan masu kuɗi a Abuja kafin ciwon gwiwa ya maido ta Kafanchan. Ni da nake ɗinki a ƙofar gidanta a Takau na ce to, yanzu sai hutu. Ina! Wata bai cika ba ta tara 'ya'yan matan da ke tsaga citta, da na masu talla, yara goma sha ɗaya a tsakar gida. Wata ta kawo mudun acca, wata ta kawo godiya kawai.

Ba ta da abin wasa sai marafen kwalba da gwangwanaye. Amma baki, Allah ya ba ta! Tana wanke yaro tana gaya masa wannan kunne ne, wannan sabulu ne. Kullum da safe sai ta jera su ta kira sunan kowa, shi kuma ya amsa, "Ga ni!"

Ɗaya ne bai taɓa amsawa ba. Jibir ke nan, ɗan Zamzam mai tallar nono, shekararsa uku. Danginsa sun gama yanke cewa kurma ne. Afiniki ta yar da murfin tukunya a bayansa, yaro ya zabura. Ta goya shi zuwa asibiti, aka ce kunnensa lafiya lau.

Sai da ta zauna da uwar ta gano bakin zaren. Jibir ɗan fari ne, kuma a wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, saboda kunya. Kakar da za ta riƙe shi ta rasu yana wata biyar, uban kuma yana daji da shanu. Yaro ya tashi ba mai yi masa magana. Wallahi da na ji, raina ya ɓaci.

"Ki riƙa kiransa, 'yata, ko a ɗaki ne," in ji Afiniki.

"Mama, bakina ba zai iya ba," Zamzam ta amsa tana kallon ƙasa.

Wata biyu Afiniki tana fama. Yaro ya fara bin bakinta da ido, leɓensa na motsi, amma ba sauti. Ana cikin haka saƙo ya zo daga uban, Mahadi, cewa ranar Alhamis zai zo ya kai yaron rugar ƙanensa can wajen Kagarko. Ya ce kurma ba ruwansa da zaman makaranta, gara ya saba da maruƙa tun yanzu. Mun san in ya tafi, Zamzam ba za ta sake ganinsa ba sai shekara-shekara.

Ranar Alhamis da hantsi babur ya tsaya a gaban keken ɗinkina. Mahadi ya gaida mu da ladabi, ya ce a fito da yaro. Afiniki ta roƙe shi ya tsaya ya gani. Ta jera yaran, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya amsa. Ta zo kan Jibir ta kira sau uku, ya ƙura mata ido kawai.

"Kin gani, Mama," Mahadi ya ce. Ya ɗauki yaron ya ɗora a kan tankin babur.

Afiniki ta juya kan Zamzam, wadda ke tsaye da ƙwaryar nono a ka. "Ni na yi nawa. Ki kira ɗanki."

A gaban mijinta fa, da mu duka! Zamzam ta sa gefen mayafi a baki. Mahadi ya taka babur, bai tashi ba. Ya sake takawa, ya tashi. Ni kam na miƙe, zare ya harɗe mini ƙafa, ina ihu, "Ke, ki buɗe baki mana!"

Ta sauke ƙwaryar a ƙasa. Muryar ta fito kamar ba tata ba.

"Jibir."

Yaron ya waiwayo da sauri har ya kusa zamewa. Ya dubi uwarsa, ya dubi Afiniki, ya sake duban uwarsa.

"Ga ni," ya ce.

Mahadi ya kashe babur. Ya sauke yaron da kansa, ya tambayi Afiniki ƙarfe nawa ake kawo su da safe.

Zamzam ta durƙusa tana kuka, ni ma kukan nake, ba zan ɓoye ba. Afiniki ta share fuska da bakin zani ta ce mata, "Sake kira. Shekara uku yana jira."