Wata Uku Bayan Bankwana

Shekara tara na yi ina aikin malamin gona a Bodinga kafin takardar ta zo. Wani kamfanin iri ne a kudancin Sifen, a bakin Bahar Rum, yake neman wanda ya san jar albasarmu, yadda take jure rana da abin da ke sa ta ruɓe a rudu, rumbun da muke ajiye ta. Sau biyu suka yi mini tambayoyi ta waya, sannan suka ce in shirya, cikin mako uku biza za ta fito.

Na riƙe maganar mako ukun nan da hannu biyu. Na ajiye aiki, na miƙa makullin babur ɗin ofis, na kai matata da 'yarmu gidan iyayenta a Shagari, na saki gidan haya sai ɗaki ɗaya da na bar tabarma da jaka a ciki. Abokan aiki suka yi mini walima, aka yi addu'a, aka yafi juna. Dangi suka yi ta aiko da kilishi da kuka da daddawa har jakar ta ƙi rufuwa. Telan da ke mini ɗinki tun ina ɗan makaranta ya ɗinko kaftani uku masu kauri, ya ce ya ji labarin sanyin can ba ya wasa.

Sai aka dawo mini da takarduna. Sunan mahaifina a fasfo ya fi na takardar digiri da harafi ɗaya. Na san da wannan tun da daɗewa, na gani na ce ba komai. Yanzu dole in je kotu in yi rantsuwa, a buga a jarida, in sake shiga layi daga baya.

Kullum bayan asuba sai in yi wanka, in sa kaya, in ɗauki hula, sannan in tuna ba inda za ni. Ɗakin ya cika da warin daddawa. In zauna, in tashi, in duba waya, in fita. Ƙafata ta riƙa kai ni tasha, in tsaya ina kallon motocin Sakkwato suna cika suna tashi. Daga nan in zarce shagon tela.

"Kai, har yanzu kana nan?" in ji shi, kansa na kan keke. "Mi yah hana ka tahiya?"

"Takarda ce ake gyarawa."

"Jiya ma haka kac ce."

Wata ranar kasuwa wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya halarci walimar, ya hango ni ya taso da murna ya kama hannuna.

"Maraba, maraba! Yaushe kad dawo? Ya mutanen Turai?"

Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sai na ji na ce, "Lafiya lau suke, Alhaji, suna gaishe ka."

Ya ce har na yi fari. Na yi dariya, na yi masa sallama, na bi ta bayan rumfuna gumi na karyo mini. Ran nan na ɗauki kaya kala biyu na hau kabu-kabu zuwa Lambara, wurin mahaifina.

Na same shi a fadama, lokacin dashen albasa ne. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni komai ba, ya nuna mini fangalin da ke gefensa ya ce, "Ga dashe can."

Ni da na yi shekaru ina koya wa manoma tazara da zurfi, layina ne ya fi na kowa karkacewa. Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu kusa da tsamiya, don haka in dasa kaɗan, in wanke hannu, in hau tudun, in dawo. A rana ta huɗu Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya tumɓuke guda ɗaya ya nuna mini.

"Ka binne ta da yawa. Wagga dogon wuya za ta yi, ba za ta yi kai ba. Kai kak koya muna hakanan." Ya mayar da ita da yatsa biyu. Sannan, bai dube ni ba, ya ce, "Shin kana son tahiyag ga, ko kunyar hwasawa kaka ji?"

Ba wanda ya taɓa tambayata haka, ni ma ban tambayi kaina ba. Kwana biyu ina juya maganar. Na tuna shekarun da na yi ina rubuta rahoto kan ruɓewar albasa, ina son wurin da zan gwada abin da nake zato. Na tuna kuma ban taɓa yin wata guda ban ga fuskar tsohon nan ba. Da muka zauna cin fura a gindin tsamiya na ce, "Baba, ina so. Tsoro dai nake ji."

"To ka tahi da shi," ya ce. "Amma kahin nan, gyara man layinka."

Ranar Juma'a nakan je Shagari. Matata ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gidan mutane, waya a hannu. Ta ajiye mini kujera ta ce, "Don Allah Malam ka zauna, kana sa mini jiri." Da na zauna ta rage murya. "Ni fa na riga na yi kukana tun ranar walima. In za ka tafi, kada ka sa in sake wani."

Saƙon ya zo wata Talata da hantsi, bayan wata uku cif, ina kan tudun nan da laka a ƙafa. Jirgi ranar Asabar. Ban gaya wa kowa a Bodinga ba sai tela. Kilishin mun daɗe da cinye shi. Baba ya rako ni bakin titi, ya riƙe hannuna ya yi addu'a gajeriya, ya juya da sauri domin ya bar injin ban ruwa a kunne.

Na zaci da na sauka hankalina zai kwanta. Aka ba ni ɗaki a hawa na huɗu, taga na kallon rumfunan leda na noma da suka shimfiɗu fari fat har bakin ruwa. Aikin ya yi mini daɗi, an ba ni fili da kayan gwaji. Amma da an tashi sai in kasa shiga ɗakin. Maƙwabta kan yi gaisuwa da kalma ɗaya su rufe ƙofa, ba dakali, ba wanda zai tsare ka da tambaya. Sai in bi gaɓar teku da ƙafa, in je in dawo, har magariba ta yi. Takalmi biyu na kashe a shekarar farko.

Bayan shekara da wata biyu iyalina suka iso. Lahadin farko na kai su bakin teku. Yarinyar ta ƙwace hannunta ta faɗa ruwa da takalmanta, na bi ta da gudu na ɗauko ta tana ihun a sake ta. Uwarta ta tsaya nesa, ta riƙe mayafi saboda iska, ta daɗe tana kallo.

"Mene ne a ƙetarensa?" ta tambaya.

Na nuna kudu. "Afirka ce. Wani lokaci in gari ya washe har duwatsunta ake hangowa."

"Ashe ba nisa."

Na so in yi mata bayanin hamadar da ke bayan duwatsun, da kwanakin da mota za ta yi, sai na ga tana matse rigar yarinyar da ta jiƙe.

"Mu koma," ta ce. "Na bar wake a ruwa, kuma har yanzu ban gane kan murhun nan naku ba."